Ranar da Na Karɓi Tsabar Kuɗi a Dubai

Mutum na farko da na shaƙe wa wuya a Dubai ɗan garinmu ne. Sunansa Nazifi, shi ne ejan ɗin da ya haɗa mini tafiyar tun daga Kano. Ya ce aikin otal ne, ga ɗaki ga abinci, albashin kuwa in na ji shi sai na nemi wuri na zauna. Na sayar da rumfata ta POS da ke bakin kasuwa, da lemar da bencin da na'urar, na bar matata Rukayya da 'yarmu a wajen mahaifiyata, na taho. Sai da na kwana biyu a wani masauki a Al Ras, unguwar tsofaffin shaguna da ke bakin ruwa, inda ƙamshin kanumfari da warin busasshen kifi ke bin mutum har kan katifa, sannan na gane babu otal, babu aiki. Bizar da ke cikin fasfona ta ɗan yawon buɗe ido ce, kwanakinta kuma tafiya suke yi.

Na same shi a ƙofar wani ofishin aika kaya yana shan shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Nazifi, ina otal ɗin?"

"Haba Shafi'u, shwaiya shwaiya mana, bi a hankali. Nan Dubai ce, komai da process. Inshallah next week."

"Wancan satin ma next week ka ce."

"To ni na ce ka sayar da rumfarka? Duk wanda ka gani a nan da visit visa ya fara. Khalas, magana ta ƙare, ka bar ni in sha shayina."

Ban san lokacin da na tsallake kwalayen da ke tsakaninmu ba. Na cakumi wuyan rigarsa na murɗe, na haɗa ƙeyarsa da ƙofar ƙarfen ofishin, kofin shayin ya tashi sama ya dawo masa a cinya. Idanunsa suka firfito. Wallahi a lokacin daɗi nake ji, ina jin maƙogwaronsa yana motsi a ƙarƙashin babban yatsana. Sai na ji an rungume ni ta baya an ɗaga ni cak kamar buhun gero. Wani dattijo ne mai ɗaurin kaya a ofishin, mutumin Maraɗi, ana ce masa Malam Iro.

"Doucement, yaro, a hankali! Sake shi!" Ya ja ni lungu, ya nuna mini wata 'yar kyamara a saman ƙofa. "Ka gan ta? Kowane lungu akwai irinta. Nan ƙasar in aka yi faɗa, wanda ya yi dukan da wanda aka daka duk police za su kwasa, daga can sai aéroport. Me ka zo nema, aiki ko wuyan Nazifi?"

Na ce aiki.

"Voilà. To sa hannunka a aljihu har ka samu visa ta aiki. In ka same ta kuma, ka ƙara tura shi ciki."

Nazifi bai kai ƙara ba, don shi ma ba ya son a leƙa takardunsa. Ya canja lamba, ban sake sa shi a ido ba.

Malam Iro ne ya samar mini wurin kwana a Al Nahda, can iyaka da Sharjah, a wani falat da aka yanyanka da katako aka cika da gadaje masu hawa biyu. Ba ɗaki ake kamawa ba, gado ake kamawa, abin da ke naka shi ne katifar da labulen da ka rataya. Akwai mu 'yan Arewa, akwai 'yan Ghana, akwai 'yan Uganda, kowa da tukunyarsa, kowa da kwaɗo a jikin akwatinsa. A nan na ga irin faɗan da ban taɓa gani ba. Wata safiya mutum biyu suka kaure a kan layin banɗaki, sai wani ya yi maza ya kulle ƙofar falat ɗin, wani ya ƙure ƙarar talabijin. Suka yi ta dukan juna babu ihu babu zagi, sai nishi da ƙarar naushi, don kada maƙwabta su ji su kira 'yan sanda. Ɗaya ya fasa wa ɗaya gira. Da suka gaji aka goge jinin da tsumma, wanda aka fasa wa girar ya manna filasta ya ruga don kada motar kamfani ta bar shi. Ina zaune a gadona ina kallo tsoro ya kama ni. Ba su nake tsoro ba, tsorona kada in daɗe a nan har ni ma in koyi yin faɗa shiru.

Da safe in sa rigata mai kyau guda ɗaya in fita neman aiki, rana ta gasa ni, in dawo da la'asar ƙafa ta kumbura. Da yamma Rukayya ta kira ni ta bidiyo, ta ɗora 'yarmu a cinya. Ni kuma in sauka ƙasa in tsaya gaban wani dogon bene mai gilashi da ba namu ba, don su ga Dubai. Yarinyar tana lasar fuskar wayar tana kiran Abba. In na hau sama sai in ja labule in juya wa bango. Na yi kewar miyar kukar mahaifiyata, na yi kewar hayaniyar 'yan adaidaita sahu, har masifar kwastomomina na yi kewa, masu zuwa da safe suna rantsuwa an cire musu kuɗi bai fito ba.

Bizata saura ƙiris ta mutu Allah ya haɗa ni da wani kamfanin abinci a Al Qusais, cikin jerin manyan ɗakunan ajiyar kaya. Su ke sayar da abinci da abin sha a filayen wasa na makarantu. Suka ɗauke ni, suka yi mini bizar aiki, amma manajan ya faɗa mini ƙarara cewa ina cikin watannin gwaji, kuma bizar a hannunsu take, ranar da suka sallame ni ranar za su soke ta. Ran da katin zamana ya fito na yi sujada a kan simintin sito. Rumfa ta tafi, na'ura ta tafi, duk abin da na mallaka a duniya shi ne wannan katin.

Manajan dogo ne mai magana a hankali, ba ya zagi ba ya dariya. Ranar farko ya tara mu ya nuna mana allon da ake kafawa a kowace kanta, da Larabci da Turanci: kati ko waya kawai. Ya ce jami'ar ce ba ta son tsabar kuɗi a filinta, kamfani kuma ya sa hannu a kan haka. Babu akwatin kuɗi, babu canji. Duk ma'aikacin da kyamara ta ɗauka da takardar kuɗi a hannu a bayan kanta, ba sai an tambaye shi ba, ɓarawo ne. Na yi dariya a cikina. Ni da na yi shekara da shekaru ina cin abinci da na'urar kati, wa zai koya mini ita?

Aka tura ni zauren wasa na wata jami'a a bayan gari, inda ɗalibai ke buga ƙwallon kwando. Kantarmu a wani dogon lungu take a bayan kujerun 'yan kallo, tsakanin matakala da banɗaki. Mu biyu ne. Ni ina riƙe da na'ura ina miƙa lemo da ruwa, abokin aikina Ramesh, ɗan Nepal, yana kan shayi da suyar dankali. Shayin nan nasu mai kaurin madara da suke kira karak a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai famfo yake, kullum tana tafasa a kan tebur a gefen kanta. Ramesh siriri ne, magana ba ta dame shi ba. Shafi bhai yake kirana, wato ɗan'uwa Shafi. Shi ya koya mini hawa jirgin ƙasa na cikin gari, shi yake tsare mini kanta in lokacin salla ya yi, ya ce, "Shafi bhai, je ka yi sallarka, kwastoma ba zai mutu ba." In ya buɗe kwanon shinkafarsa sai ya raba biyu kafin ya tambaye ni ko na ci.

Matsalar wurin ɗaya ce, kuma kowa ya san ta. In zauren babu mutane, kana ɗora kati na'urar za ta yi ƙara, shi ke nan. In ya cika, kowa ya kunna wayarsa yana ɗaukar bidiyo, sai sabis ya kwanta. Ka ɗora kati ta yi ta juyi tana juyi, mutum yana kallonka kana kallonsa, can ta ce a sake. Hutun rabin lokaci kuwa gajere ne, kuma a lokacin ne kowa yake tunawa yana jin ƙishirwa. A gida in sabis ya ɗauke akwai dabara, ko a tura maka ta asusunka, ko ka ce wa mutum je ka ka dawo tun da ka san shagonsa. A nan babu ko ɗaya. Mun sha zagi da yaruka iri-iri, har na ƙware, ina bambance zagin mutanen Masar da na mutanen Sham tun kafin a kai ƙarshensa.

Ranar wasan ƙarshe, wata Asabar da la'asar, jami'ar da muke ciki za ta kara da wata daga Sharjah. Kamata ya yi a buɗe kantuna uku, amma kamfani ya kwashi ma'aikata ya kai wani biki, aka bar tamu ita kaɗai. Tun kafin a fara wasa layi ya kai matakala.

Ana cikin zagayen farko wani ƙaton ɗalibi ya iso gabana, sanye da jar rigar magoya bayan baƙi, wuyansa ya kai cinyata kauri. Ya daɗe a layi, da ya iso kuma wayarsa ta mutu. Ya ciro takardar kuɗi ya ajiye a kanta. Na nuna masa allo. Ya ce da Turanci ruwa kawai yake so, in riƙe canjin. Na ce ya yi haƙuri, aikina ne zai tafi. Ya daki kantar da tafin hannu har kofuna suka zube, ya kira ni da sunan da ba zan rubuta ba, ya ɗauki kuɗinsa ya koma gefe ya jingina da bango. Ba shi kaɗai ba ne. Na kori mutane da dama haka, kuma yawancinsu ba su koma kujerunsu ba, suna nan a jikin bango suna jiran ko wani aboki zai biya musu da kati, suna hararata.

Aka busa hutun rabin lokaci, ƙofofi suka buɗe, jama'a suka kwararo. Layi ya daina zama layi. Sanyin na'ura ya ɓace, lungun ya ɗauki zafi da warin gumi, masu ganga sun fito da gangarsu suna dukanta a kunnen mutane. Na'urata kuwa ta zaɓi lokacin ta kwanta. Mutum ɗaya sai in ɗora masa kati sau uku, na bayansa yana zagina, na bayan wancan yana zagin na gabansa. Ramesh yana zuba shayi yana ce mini a hankali, a hankali.

A cikin wannan turmutsutsun na hango hula irin tamu, a kan wani dattijon Alhaji mai farin kaftani. Ana matse shi ana turo shi har ya iso ya dafa kanta da hannu biyu. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, leɓensa yana rawa. Ya ƙura wa sunan da ke maƙale a ƙirjina ido.

"Shafi'u? Kai, Bahaushe ne?"

"Eh Baba, daga Kano."

"Alhamdu lillahi. Ɗana, taimake ni da lemo mai zaƙi, sugana ne ya sauka. Tun safe ina wajen lodin container ban sa komai a cikina ba. Yarona ne ke bugawa, shi ya matsa sai na zo."

Ya zaro takardar kuɗi.

"Baba, ba a karɓar cash a nan. Ba ka da card?"

"Na gida ne, ya ƙi yi tun jiya. Yalla ɗana, yi sauri, idona duhu yake gani."

Na ɓalle lemo na miƙa masa. Na zaro katin albashina daga bayan wayata na ɗora a na'urar, kuma da yake abin zai faru, a karo ɗaya ta karɓa. Da a nan na tsaya, da yau wani labarin nake bayarwa. Mutum ya sayi lemo da katinsa ya ba dattijo, ba wanda zai ce uffan. Amma Alhaji ya turo mini takardar, ni kuma hannuna ya yi abin da ya saba yi a ƙarƙashin lema a bakin kasuwa: ka ba ni tsaba in biya maka da kati, ai ita ce sana'ar. Na karɓa. Ban tsaya nan ba, na ɗaga ta sama saitin fitila na duba ko ta gaske ce, na karkaɗa ta da yatsa, sannan na ninke na sa a aljihu. Wallahi ban yi tunani ba, yadda mutum ba ya tunani kafin ya yi bismilla a kan abinci. Duk wanda ke lungun nan ya gani.

Hannaye suka taso ta ko'ina, kowa da takardarsa. Waɗanda na kora suka baro jikin bango suka yo kaina. Masu kati da suka daɗe a tsaye suka ga za a tsallake su, suka fara ture na gabansu. Ina cewa a'a, kati kawai, kati kawai, ni kaina ba na jin muryata.

Mai jar riga ya raba mutane gida biyu ya iso.

"Ka karɓi nasa ka ƙi nawa? Don ɗan'uwanka ne?"

Kafin in buɗe baki ya miƙo hannu ta saman kanta ya damƙi wuyan rigata ya fizgo ni, haƙarƙarina ya daki ƙarfe. Na tuna Malam Iro. Na mai da hannuwana baya na sarƙe yatsuna, na ɗaga fuska saitin kyamara don ta shaida ban taɓa shi ba. Naushin farko a kunne ya same ni, duniya ta yi ɗif. Na biyu a baki. Na ji haƙorina na gaba ya karye, bakina ya cika da jini, na tofar a kan kofuna. Ban saki yatsuna ba. A raina ina ta cewa biza, Shafi'u, biza.

Akwai ɗalibai 'yan Arewa da suka zo kallo, sun ga an ture Alhaji ya faɗi zaune. Wasu suka ɗauke shi suka fita da shi, sauran suka afka wa masu jajayen riguna. Na ji wani yana ihu da Hausa, "Ku ci ubansu!" Nan take abin ya tashi daga rigimar lemo ya koma ta jami'a da jami'a. Gwangwanayen lemo suka fara shawagi, cikakku, duk wanda ya samu a goshi sai jini. Mai ganga ya juya sandarsa yana zabga wa mutane. Wata ɗaliba ta faɗi ana tattake mata gyale tana kururuwa, wani ya ciro tukunyar kashe gobara daga bango ya sauke wa wani a kafaɗa. Masu gadin ƙofa suna ta busa usur, ba wanda ya kula su.

Kantar tamu ba a kafe take ba, tayoyi gare ta. Da nauyin mutane ya yi mata yawa sai ta tafi baya ta bangaji teburin shayi. Na ga tukunyar ta karkata, na ga Ramesh ya kai hannu zai tare ta. Murfin ya fice. Tafasasshen shayi ya kwarara masa tun daga kafaɗa har yatsu. Tun da nake ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irin wannan ƙarar ba. Ya faɗi yana birgima, fatar hannunsa ta yi fari ta tattare kamar ledar da wuta ta lasa.

Mai jar riga bai haƙura ba. Ya haura kantar ya diro ciki don ya ji daɗin dukana, takalminsa ya sauka a kan wannan hannun na Ramesh. Ko ya gani ko bai gani ba, Allah ne masani. Ni dai na gani. Yatsuna suka saki juna. Ban san yaushe na'urar katin ta zo hannuna ba, na ɗaga ta na sauke masa a hanci da duk haushin da na tara tun daga Al Ras. Na ji ƙashi ya karye. Na ƙara masa, na sake ƙarawa, gilashin ya tarwatse, takardar rasit ta warware tana shan jini. Ya durƙushe yana riƙe da fuska. Abokansa suka rufe ni, aka kai ni ƙasa cikin shayi da dankali, ana shuri ta ko'ina, wani ya taka mini hannun dama da dunduniya ya murza har yatsu biyu suka karye. Ina kwance fuskata dab da ta Ramesh, yana kiran uwarsa da yarensu. Daga cikin zaure na ji an busa usur an koma wasa, jama'a suna tafi.

'Yan sanda suka zo, motar asibiti ta ɗauki Ramesh da mai jar riga. Ni ma aka ɗaure mini hannu, sannan aka wuce da ni caji ofis. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taɓa ni, har ruwa aka ba ni. Aka kunna bidiyon, kowa ya ga aikinsa. Da yake shi ya fara duka, kuma iyayensa ba sa son maganar ta kai kotu ta ɓata masa karatu, sai aka ce mu yafe wa juna a rubuce. Na sa hannu da hagu. Na fito ina hamdala, wautata ta sa na ɗauka an gama.

A Al Qusais manajan ya juyo mini da kwamfutarsa. Ya tsayar da hoton daidai inda na ɗaga takardar sama, fuskata a sake kamar mai jiran a yaba masa.

Na ce, "Sir, na biya da card ɗina. Ka duba, lemon an biya shi. Ban ci ko sisi ba."

Ya ce ya duba, ya san na biya. Ya ce jami'a ta aiko tana tambayar yadda aka yi ma'aikacinsu ya karɓi tsabar kuɗi a filinta har aka zubar da jini, kwangilarsu kuma tana rawa. Ga na'ura na fasa a fuskar ɗalibi.

"Mutumin faɗuwa zai yi, sir. Ciwon suga gare shi."

"Da ka ba shi kyauta, da ni zan biya," in ji shi. "Me ya sa ka karɓa?"

Ta ina zan fara yi masa bayanin lema da benci da bakin kasuwa? Ya turo mini takardar soke biza.

"Khalas, Shafi. Sorry."

Zuciya ta taso mini, na dubi kwamfutar na dubi kansa. Sai na tuna ko hannun dukan ma ba ni da shi. Na sa hannu na fita.

Na je asibiti duba Ramesh. An naɗe hannun tun daga kafaɗa, an ce sai an yanko fata daga cinyarsa an liƙa. Na tsaya a bakin gado na kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "Shafi bhai, ina haƙorinka?" Na buɗe baki na nuna masa giɓin, ya yi dariya har ciwon ya katse shi. Na fito baranda na yi kuka sosai, ban damu da masu wucewa ba.

An ba ni 'yan kwanaki in sami wani kamfanin ko in bar ƙasar. Na zaga Al Qusais, na zaga Deira, da kumburarriyar fuska da hannu a naɗe. Duk inda na shiga sai a dubi hannun a ce za a kira ni. Malam Iro bai taɓa ce mini ai na faɗa maka ba. Kafin ya tafi aiki yakan biyo da kunu a gora don ba na iya tauna, ya zauna a bakin gadona ya ce, "Sha, yaro. Allah bai manta da kai ba." Shi da mutanen ofishinsu suka haɗa mini kuɗin jirgi.

Rukayya kuwa na daina kiranta ta bidiyo, na ce kyamarar wayar ta lalace. Ana gobe zan taho na ce mata ina hanya. Ta ce, "Hutu suka ba ka tun yanzu?" Na ce in na zo ma yi magana. Ta ce maganata ta canja, kamar iska tana fita ta wani wuri. Na ce mura ce.

A filin jirgi, layinmu na masu bi ta Addis Ababa zuwa Kano cike yake da 'yan kasuwa, kowa da tulin jakunkuna naɗe da leda. Al'adarsu ce in kayansu sun wuce kilo su bi layi suna neman wanda ba shi da kaya ya shigar musu da wasu. Ni kuwa 'yar jakar goyo ce kawai a bayana, wadda na zo da ita. Sai na ji an dafa kafaɗata.

"Samari, Kano za ka? Na ga ba ka da luggage. Don Allah ka shigar mini da jaka ɗaya a kilonka, turare ne da abaya, ba wani abu ba."

Na juya. Alhaji ne, ya yi fes da shi, ya murmure. Bai gane ni ba.

"Baba, ya jikin? Sugan ya daidaita?"

Ya ƙura mini ido, ya dubi bakina, ya dubi hannuna. Na ce ni ne mai lemo. Ya yi salati ya riƙe haɓa. Ya ce shi fa bai san abin da ya faru ba, yaran nan suka kai shi mota ya huta, da ya dawo ta wata ƙofar aka shigar da shi, ya dai ji ana cewa an yi 'yar hatsaniya. Na faɗa masa a taƙaice, har maganar bizar. Ya yi ta innalillahi, ya ce in neme shi a kasuwa in mun sauka, ya ce Allah zai saka mini. Na ga da gaske abin ya taɓa shi. Amma ba a jima ba fuskarsa ta washe, ya laluba aljihu ya ciro waya.

"Ai mun ci wasan, ka sani? Yaron nan shi ya jefa ta ƙarshe. Tsaya ka gani."

Ya kanga mini wayar. Fili mai sheƙi, fitilu ta ko'ina, wani dogon saurayi ya yi tsalle ya jefa ƙwallo a raga, zauren ya ɗauki ihu. Ashe haka wurin yake. Duk zamana a can ban taɓa leƙa cikinsa ba sai a wayar Alhaji. Na ce masha Allah, Allah ya yi masa albarka. Na so in ji haushi, na lalubi zuciyar nan tawa da ba ta raina abin faɗa, na tarar babu komai a wurin sai gajiya.

Layi ya matsa. Alhaji ya mai da wayar aljihu, ya dubi jakar da ke gabansa ya dube ni.

"To jakar fa, ɗana? Ko hannun ba zai iya ba?"

Na ja ta da hagu na ɗora a sikeli, aka manna mata sunana. Ita ce kaɗai tsarabar Dubai da na sauka da ita a Kano, a bakin ƙofar fita kuma direbansa ya karɓe ta.